Marainiyar Lyme Regis: maraici, bashi da ƙashin da ya zama dutse a labaran yara

A adabin yara na ƙasar Ingila akwai wani irin labari da marubuta ba sa gajiya da komawa kansa. Yarinya ce ko yaro aka yi wa rashin uba, gida ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, sai wata rana a bakin teku, a gindin wani tsauni mai zaftarewa, a ci karo da ƙashin wata dabba da ta mutu tun ba a san ɗan Adam a doron ƙasa ba. Wanda bai san tushen abin ba zai zaci marubutan ne suka ɗauko abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba, mutuwa da talauci da ilimin duwatsu, suka cusa su a littafi ɗaya don ya yi armashi. Alhali da yawa daga cikin waɗannan labarai tushensu guda ne, wato rayuwar wata mata da aka yi da gaske, Mary Anning, wadda aka haifa a ranar 21 ga Mayu, 1799, a garin Lyme Regis da ke gaɓar tekun kudancin Ingila. A rayuwarta abubuwan nan uku a ɗaure suke tamau. Abin da ke raba littafi mai kyau da na banza a wannan fanni shi ne ko marubucin ya bar su a ɗaure, ko kuwa ya kwance su don labarin ya yi daɗin ji.

Sai an fara da gidan. Mahaifinta Richard Anning kafinta ne, mahaifiyarta kuma ana kiranta Molly. 'Ya'ya goma suka haifa, biyu kacal suka girma, Mary da wanta Joseph. Sunan ma da take amsawa gado ta yi. Akwai wata Mary kafin ita, yayarta, wadda wuta ta kama tufafinta ta rasu tana da shekara huɗu, 'yan watanni kafin a haifi wannan. A watan Agustan 1800, tana da wata goma sha biyar a duniya, wata maƙwabciya ta ɗauke ta zuwa kallon wasan dawakai, hadari ya taso, suka fake a gindin wata bishiya tare da wasu mata biyu. Tsawa ta faɗa kan bishiyar, matan uku suka mutu nan take, jaririyar ta rayu. Mutanen garin sun daɗe suna cewa tsawar nan ce ta buɗe mata ƙwaƙwalwa. Marubuta suna son wannan wurin ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba, amma ya kamata a tuna cewa a ranar an kai gawa uku gidajensu.

Lokacin kuwa na yaƙi ne tsakanin Ingila da Faransa ta Napoliyon, abinci ya yi tsada, talaka yana ji a jikinsa. Iyalin Anning kuma ba 'yan cocin gwamnati ba ne. Suna cikin Kiristocin da suka ware daga Cocin Ingila, waɗanda a zamanin aka toshe musu ƙofofin manyan jami'o'i da muƙamai da dama. Ɗan karatun da Mary ta samu a makarantar ranar Lahadi ta cocinsu ta same shi. Kafintanci ba ya ciyar da gida, don haka Richard yakan bi gaɓar teku yana tsinto duwatsu masu siffar halittu, ya wanke, ya goge, ya jera su a kan tebur a ƙofar shagonsa, ya sayar wa masu hannu da shuni da ke zuwa garin shan iska. Akwai masu nannaɗe kamar macijin da ya yi gammo, mutanen garin suna ce musu duwatsun maciji. Akwai dogaye masu tsini da suke kira yatsun shaiɗan. Yakan tafi da yaran biyu, kuma a wurinsa suka koyi yadda ake gane dutsen da ke da ciki, da inda za a sa guduma don kada abin da ke cikin ya farfashe.

A watan Nuwamban 1810 Richard ya rasu. Tarin fuka ne ya ci shi, ga kuma raunin da ya ji lokacin da ya faɗo daga kan tsauni. Ya bar bashin da aka ƙiyasta fam 120, bai bar ko sisi a ajiye ba. Mary tana da shekara goma sha ɗaya. Sai da iyalin suka koma karɓar tallafin da ake bai wa matalautan unguwa.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Mary ba ta koma bakin teku don ta ɗebe kewar mahaifinta ba, ko da yake kewar tana nan, ba shakka. Ta koma ne don tukunya ta hau wuta. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya ta ɗauki farantin talla bayan an yi sadakar arba'in ɗin ubanta, saboda uwar ta rasa yadda za ta yi, ya san irin yarinyar da ake magana a kai. Littafin da ya zana ta tana tsalle-tsalle a yashi da kwando, cike da zumuɗin neman ilimi, ya ɗauki 'yar talaka ya sa mata zuciyar 'yar gata.

Wurin da kansa yana buƙatar bayani, domin shi ne ke ba labarin haɗarinsa. Tsaunukan da ke gefen Lyme Regis da ƙauyen Charmouth jeri ne na laka da farin dutse, hawa kan hawa, waɗanda suka taru a ƙarƙashin wani tsohon teku kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce. Idan dabbar ruwa ta mutu ta nutse cikin lakar ƙasan teku inda iska ba ta kaiwa, laka ta rufe ta da wuri, namanta yakan tafi, ƙashin ya zauna. A hankali ruwa mai ɗauke da ma'adinai yana ratsa ƙashin yana cike kafofinsa, har ya zama dutse mai siffar ƙashi. Daga baya ƙasar ta ɗago, teku na yanzu ya shiga cinye gefenta. Da hunturu, idan aka yi ruwa da guguwa, sai tsaunin ya jiƙe ya zafto, abin da ke ɓoye ya bayyana. Ke nan lokacin da ya fi kawo samu shi ne lokacin da ya fi kisa. Mai tsinta dole ya fita da zarar ruwan teku ya janye, ya yi aikinsa a gindin tsaunin da ya zafto jiya kuma zai iya zaftowa yau, ya baro wurin kafin ruwa ya dawo ya tare masa hanya. In ya yi jinkirin kwana biyu, igiyar ruwa ta wanke abin ta tafi da shi. A shekarar 1833 ƙasa ta zafto ta kashe karenta Tray, wanda ke raka ta kullum, a gaban idonta, ita ma da ƙyar ta sha.

A 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai da ya haura mita ɗaya, mai dogon baki cike da haƙora da ramin ido ƙato. Sun zaci kada ne. Bayan watanni Mary ta gano sauran jikin, aka ɗauko ma'aikata suka taya haƙowa, tsawonsa ya haura mita biyar. Wannan ita ce dabbar da daga baya masana suka sa wa suna iktiyoso, mai jikin kifi amma dangin ƙadangare. Mai gidan gonar yankin, Henry Hoste Henley, ya saye ta kan kimanin fam 23. Kuɗi ne mai kauri ga gidan marayu, amma bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bashin da uban ya bari ba. Ƙwarangwal ɗin ya tafi Landan, aka baje shi ana kallo, masana suka yi ta rubutu a kansa, ba wanda ya ambaci yaran da suka tono shi.

Littattafan yara da dama a nan suke sa aya: yarinya ta yi babban samu, gida ya farfaɗo, kowa ya yi murmushi. Abin da ya faru da gaske shi ne, shekara tara bayan nan iyalin suna shirin sayar da kayan ɗaki don su biya kuɗin haya, saboda sun shekara ba su sami wani abin kirki ba. Wani tsohon soja mai sayen kayansu, Thomas Birch, ya ga halin da suke ciki, ya kwashe abin da ya tara ya yi gwanjonsa a Landan a 1820 don ya tallafa musu, aka tara kimanin fam 400. Ni a ganina wannan shekara taran ita ce zuciyar labarin, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Yaron da aka nuna wa cewa samu ɗaya yana share hawayen gida gaba ɗaya, an shirya shi ne ya ji kamar shi ya gaza ranar da nasa ƙoƙarin bai share ba.

Me ya sa ƙashin da ya zama dutse ya dace da labarin rashi haka? Domin tambayar da maraya ke yi a zuci ita ce dutsen ke yi a fili. Yaron da ubansa ya mutu yana son ya san ina ya tafi, me ya rage nasa, shin za a manta da shi. Ga kuma wani abu a tafin hannunsa da ya mutu tun fil azal, amma ana iya ƙirga haƙoransa, ana iya sanin abin da ya ci kafin ya mutu. Wannan ba zuƙi ba ne. Mary ta lura da wasu dunƙulallun duwatsu da ake samu a cikin cikin iktiyoso, ta fasa su ta ga ƙayar kifi da ɓawonsa, abin da ya kai masanin nan William Buckland ga bayyana a 1829 cewa bayan-gidan dabbobin ne ya zama dutse. Marubuci mai hankali ba ya buƙatar ya sa wani dattijo a labarin ya yi wa yarinya wa'azi kan mutuwa. Ya ishe shi ya nuna ta tana goge laka daga ƙashi da gudumar da ubanta ya bari, tana yin aikin yadda ya koya mata, hannunta yana tuna abin da bakinta ba ya iya faɗa.

Akwai kuma wani nauyi da zamanin ya ɗora wa abin. A lokacin ba a daɗe da fara yarda cewa wani jinsin halitta yana iya ƙarewa ƙaf daga duniya ba. Masanin Faransa Georges Cuvier ne ya kafa hujjar hakan a 1796, kuma mutane da yawa masu riƙo da addini sun ji abin ya tsaya musu a rai. Littafin Charles Darwin kan asalin jinsunan halittu bai fito ba sai 1859, shekara goma sha biyu bayan rasuwar Mary. Ita kanta mace ce mai ibada har ƙarshen rayuwarta. Don haka marubucin da ya mayar da ita 'yar tawaye mai faɗa da coci ya yi mata ƙarya, haka ma wanda ya nuna kamar tambayar ba ta taɓa taso mata ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya, kuma ya fi amfani ga yaro, shi ne yarinyar da ke addu'a da dare tana kuma mamakin abin da ta tono da rana, ba tare da ɗaya ya kori ɗaya ba.

Babban laifin da nake gani shi ne yadda ake share Molly. Labarin jaruma ɗaya tilo ya fi sauƙin rubutawa, sai uwar ta zama inuwa a bakin murhu, ko ma ta zama mai hana ruwa gudu, tana cewa 'ya mace ba ta wasa da laka. Amma Molly ce ta riƙe kasuwancin shekaru da dama bayan rasuwar mijinta. Ita ke ciniki da masu saye, kuma a 1821 ita ta rubuta wa babban gidan tarihin Birtaniya tana neman a biya su kuɗin wani ƙwarangwal da aka karɓa. Macen da ta binne 'ya'ya takwas da miji, ta tashi ta bi bashinta har Landan da alƙalami, ba inuwa ba ce. Joseph ma haka, shi ya fara ganin kan dabbar, daga baya ya tafi koyon sana'ar ɗinkin kujeru saboda gida yana buƙatar kuɗin da za a iya dogara da shi. Akwai kuma Elizabeth Philpot, wata mata mai rufin asiri da ke tara irin waɗannan duwatsu, wadda ta ja Mary a jiki duk da tazarar shekaru da ta arziki. Gidan da aka yi wa rashi ba mutum ɗaya ke ɗaga shi ba, kuma yaron da ke cikin irin wannan hali ya cancanci ya ga haka a littafi, don kada ya ɗauka duk kayan a kansa suke.

Wani ƙaramin kuskure da ke yawo shi ne kiran Mary mafarauciyar dainoso, wato dabbobin tudun nan na dā da suka ƙare. Dabbobin da ta yi suna da su ba dainoso ba ne, na ruwa ne da na sama, kuma sunan dainoso ma masanin Ingila Richard Owen bai ƙirƙiro shi ba sai 1842.

Sai maganar ƙarshen labari, wadda ita ce ta fi wuya. A watan Disamban 1823 Mary ta tono cikakken ƙwarangwal na farko na filesiyoso, dabba mai ƙaramin kai da wuya dogo fiye da kima. Cuvier da ya ga zanen ya yi zargin haɗe-haɗe ne, daga baya ya yarda na gaske ne. Da masanin duwatsu William Conybeare ya gabatar da shi a gaban Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan a 1824, bai ambaci sunanta ba. Ƙungiyar ma ba ta karɓar mata, kuma ba ta fara ɗaukar su mambobi ba sai 1919. A 1826 Mary ta buɗe shago nata na kanta mai tagar gilas. A 1828 ta gano ƙashin wata dabba mai fiffike dangin ƙadangare, irinta ta farko da aka samu a wata ƙasa ban da Jamus. Abokinta tun ƙuruciya, Henry De la Beche, ya zana hoton yadda tsohon tekun yake da dabbobinsa a 1830, aka buga ana sayarwa don a taimaka mata, wanda ke nuna har lokacin aljihu bai cika ba. A 1835 ta yi asarar yawancin abin da ta tara a wani jari da ya rushe. Har Sarkin Saxony, wata masarauta a Jamus, ya shiga shagonta a 1844 ya yi sayayya. A ranar 9 ga Maris, 1847, ciwon dajin mama ya ɗauke ta tana da shekara 47. Mutum-mutuminta da ke tsaye a Lyme Regis yau sai a 2022 aka kafa shi, bayan wani gangami da wata 'yar makaranta ta yankin ta tayar tare da mahaifiyarta.

Nawa daga cikin wannan za a gaya wa ɗan shekara tara? Ra'ayina shi ne fiye da yadda manya ke zato. Mu nan mun saba idan uba ya rasu a ce wa ƙaramin yaro Baba ya yi tafiya. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma yaron yakan yi watanni yana leƙen ƙofa, ran da ya gane kuma sai rashin ya zama biyu, na uba da na yarda da maganar manya. A zaman makoki kowa yana shigowa yana ce wa uwa ya haƙuri, yaron yana gefe, ba mai ce masa komai. Littafi yana iya zama wurin da za a yi masa magana kai tsaye. Ba sai an kwatanta masa tarin jini dalla-dalla ba, amma a ce uban ya mutu, ba zai dawo ba, yarinyar ta yi fushi, wani lokaci da shi kansa mamacin saboda bashin da ya bari, kuma wannan fushin bai sa ta zama muguwa ba. A bar ta ta yi dariya a babi na gaba, ta sake kuka a na bayansa ba tare da wani dalili ba, domin haka abin yake zuwa.

Wannan labari na Ingila ne kuma a can ya kamata a bar shi, amma ƙasar da muke takawa ba baƙuwar irin waɗannan ƙasusuwa ba ce. Kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take yanzu, ya mamaye yankin Sakkwato. A duwatsun wajen Goronyo aka tono wata ƙatuwar dabbar ruwa dangin ƙadangare, wadda masana daga Italiya suka sa wa suna Goronyosaurus a 1972. A Nijar kuwa, a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere, masanin Faransa Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960, kuma daga can aka samo dainoso mai suna Ouranosaurus, da wani ƙaton kada da tsawonsa ya haura mita 9, da wani dainoson, Nigersaurus, mai haƙora wajen 500 wanda Paul Sereno na Amurka da abokan aikinsa suka bayyana a 1999. Ana iya ganin wasu ƙwarangwal ɗin a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai. Wata dabbar da aka tono a yankin Ingal an sa mata suna Jobaria, daga wata halitta ta tatsuniyoyin Buzaye, saboda mutanen wurin sun san ƙasusuwan tun kafin wani masani ya iso, har sun ba su labari nasu.

Wanda zai rubuta wa yaranmu irin wannan labari ba ya buƙatar ya ɗauko Mary ya sa mata zane da kallabi. Yana da ɗan makiyayi a Ingal da fari ya kashe wa dabbobi, yana da yarinya a ƙauyen Goronyo da ubanta ya tafi ci-rani bai dawo ba. Tambayoyin da zai fuskanta su ne waɗanda marubutan Ingila suka fuskanta, wasu suka amsa wasu suka kauce: wa ya fara ganin ƙashin, wa ya zo da mota ya ɗauka, nawa aka biya, sunan wa aka rubuta a jikin gilas ɗin gidan tarihi, kuma me aka dafa a gidan yaron a daren ranar.